Ranar da Baba ya ƙi bin ƙarar akwatina

A shekarar ƙarshe ta karatun injiniya kowa sai ya zaɓi aikin da zai kammala da shi. Ni na zaɓi danjar masu tafiya a ƙasa, wadda za ta riƙa ƙara idan lokacin tsallaka titi ya yi, saboda makafi. Ba zan ɓoye ba, sauƙi na hango: ɗan akwati, maɓalli, lasifika, batir da farantin sola, shi ke nan. Hujja kuma tana hannuna. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, ta kuma ambaci gefen titi da wuraren tsallakawa. Ga shi a lokacin Kaduna ta turnuƙe da ƙurar aikin sabunta birni, ana ta faɗaɗa tituna, ana gina sabuwar gadar Kawo. Na ce a raina, ga doka, ga sabon titi, saura akwatina.

Malamin da ke duba aikina ya karanta shafi biyu, ya ɗago kai ya ce, "Makafi nawa ka taɓa tsallaka titi da su?" Na ce ko ɗaya. Ya miƙo mini takarduna. "To, je ka dawo."

Wani maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da wani dattijo a Tudun Wada, mai ɗan teburin tireda a ƙofar gida, wanda yakan shiga kasuwa saro kaya da jikansa a matsayin ɗan jagora. Da na fara yi masa bayani ina ta "masu buƙata ta musamman", kamar yadda muke rubutawa a takarda, sai ya yi dariya. "Ɗana, ka ce makaho, ba zagi ba ne. Buƙatata kuma irin taka ce, in je kasuwa in dawo da ƙafafuna biyu."

Muka tsaya a wata mahaɗa a kan titin Ahmadu Bello, ba nisa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe. Akwatin yana rungume a ƙirjina, don ba a ba ɗalibi izinin taɓa danjar gwamnati ba. Shirin shi ne in ga ta nuna wa motoci ja, in danna da hannu. Ta yi ja, na danna, akwati ya ɗauki tsiwa. Baba ko gezau. Na buɗe baki zan ce "Baba, mu je", sai ga wani mai Keke Napep ya sulalo ta gefen motocin da suka tsaya, ya wuce fuu ta daidai inda da Baba zai sa ƙafa ta uku. Iskarsa har ta kaɗa masa riga.

"Injiniya," in ji shi (tun ranar ya laƙaba mini sunan, kuma na san da zolaya a ciki), "akwatinka ya ce in tafi, kunnena ya ce in tsaya. Kunnen nan ya daɗe yana tsallakar da ni."

Sai ya koya mini abin da babu a littafina. Motocin da ke yanke gabansa, yana jiran ya ji injinsu ya lafa. Waɗanda ke gefensa, masu fuskantar inda ya nufa, yana jiran ya ji sun taso gaba ɗaya. Tasowar nan ita ce koriyar fitilarsa, kuma ƙararsu ce ke miƙar da shi kada ya karkace ya faɗa tsakiyar mahaɗa. Mu muna cewa gani ya kori ji, shi kuwa da jin yake gani. Akwatina da na ƙure wa murya don ya rinjayi hon da hayaniyar 'yan kamasho, ashe toshe masa ido na yi. Ya ƙara da tambayar da ta kashe mini jiki: a kusurwar nan ana tsallakawa ta fuska biyu, to ƙarar ta wane titi ce?

Na koma karatu da kunya, sai na tarar wasu sun sha kan wannan tun kafin a haife ni. A Ostareliya maɓallin yana ɗan bugawa a hankali kullum don makaho ya gano inda yake, in lokaci ya yi ya sauya zuwa bugu mai sauri, yana kuma sauraron hayaniyar titi ya daidaita muryarsa. A jikinsa akwai kibiya da ake shafawa, tana nuna inda za a dosa. A Ingila akwai ɗan ƙarfe mai tsini a ƙarƙashin akwatin, yana juyawa idan an ba da hanya, don wanda ba ya gani kuma ba ya ji. A Amurka ƙa'ida ta ce a raba maɓallai biyu na kusurwa ɗaya da tazarar kusan mita 3, amsar tambayar Baba ke nan. Daɓen nan mai ƙuraje kuwa, wanda na sha takawa ina zaton ado ne, wani ɗan Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967: mai layi-layi na cewa bi nan, mai ɗigo-ɗigo na cewa dakata, titi ne a gabanka.

Duk waɗannan ana iya kwaikwaya, wasu ma a araha. Abin da ya hana ni barci daban ne. Mai ido in fitila ta ba shi hanya, yakan waiga ya tabbatar. Makaho in ya amince da ƙara, ya miƙa mata ransa ne. Ƙarar nan alkawari ce aka yi masa da sunan direbobin da ba su san an yi ba. A mahaɗar da ake keta ja, sanya irin akwatina ya fi rashinsa haɗari, don zai kira mutum zuwa gaban mota da murya mai daɗi. Dole na sake wayoyin yadda in danja ta mutu, ko batir ya yi sanyi saboda ƙurar hunturu ta rufe farantin sola, akwatin zai yi gum, kada ya kuskura ya ce a tafi. Na kuma rubuta a rahotona cewa kada a kafa shi sai inda aka ware wa masu ƙafa lokacinsu su kaɗai, babu mai kwana, kuma akwai jami'in KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, a tsaye har direbobi su saba. Wani abokina ya ce wannan ai ba injiniyanci ba ne. Ban yarda da shi ba har yau.

Guragu kuwa ban ma sa su a lissafi ba, sai da wata mata mai keken guragu ta tsaya kallonmu, ta ce, "Ƙanina, in ya yi ƙarar, ta ina zan sauka?" Na duba: dakalin gefen titi ya kai taƙi guda, ga lambatu a buɗe, ga mai lemo ya kasa kaya a ɗan wurin da ya rage. Gangaren da keke ke iya bi, duk tsayin taƙi 1 yana son tsawon taƙi 12. Maɓallina na sa shi daidai ƙirjin mai tsaye, wanda ke rarrafe da takalmi a hannu ba zai kai ba. Lokacin ma na gina shi a kan tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, yadda aka koya mana. Titi mai faɗin mita 14 zai ci kusan daƙiƙa 12 ke nan, amma tsohon da ke yin mita 0.8 yana buƙatar kusan 18. Daƙiƙa shidan nan a tsakiyar kwalta za su same shi.

Rahoton da na miƙa, akwatin bai wuce babi ɗaya ba. Sauran duk dakali ne, da lambatu, da lokaci, da halin direbobi. Na ci jarrabawa, akwatin kuma yana saman kwabata ya sha ƙura.

Baba har yanzu da jikansa yake shiga kasuwa, yaron da ya kamata a ce yana aji a wannan lokacin. Kwanan baya na gan su a bakin titi, yaron riƙe da kan sanda. Na yi sallama, tun ban rufe baki ba ya gane muryata.

"A'a, Injiniya! Yaya akwatin namu, ya daina ƙarya?"

Na ce, "Ya daina, Baba. Direbobin ne suka rage."

Ya ɗaga hannu alamar in yi shiru, ya karkata kunne wajen titi. Muka jira tare.