Kunnena na hagu

Wata uku ke nan da na farka da asuba a Nima, unguwarmu a Accra, kunnena na hagu ya toshe ɗif, sai ƙara kamar kukan gyare. Na ɗauka datti ne. Yaya ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti, likita ya ce maganin sitiroyid ya fi aiki cikin sati biyun farko.

Jiya aka sake gwajin ji. Ɗan ɗaki shiru, na'ura a kunne, in na ji "ɗiii" in danna maɓalli. Da can sai sauti ya kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 70 nake ji, yanzu 35. Alhamdulillahi. Hayaniyar motocin haya na trotro dai har yanzu tana cinye min magana. Amma yau ina kwance kan kunnen dama na ji kiran salla.