Ranar da gwaji ya ƙi yi a gaban ɗalibai

Ƙannena da kuka fara riƙe alli a ajin fiziks, musamman masu hidimar ƙasa da ake damƙa wa makullin ɗakin gwaje-gwaje tun ranar farko, ga abin da ya same ni a shekarata ta biyu da fara koyarwa.

Ina nuna wa 'yan aji huɗu yadda ƙarfe ke buɗewa idan ya ji zafi, gwajin nan na ƙwallon ƙarfe da zobe. Ba mu da gas, sai fitilar sifirit. Na ɗora ƙwallon a kan wuta, na gwada shi, ya wuce ta cikin zoben sumul, alhali na riga na bugi ƙirji cewa ba zai wuce ba. Dariya ta fara tashi daga bayan aji. Na duƙa na dubi fitilar, ban ga harshen wuta ba, sai na ɗauka sifirit ɗin ne ya ƙare. Na ɗauko kwalbar na fara tsiyayawa.

Ashe lagwanin yana ci. Wutar sifirit shuɗi-shuɗi ce, da rana kusa da taga ido ba ya kama ta. Ta bi tururin har cikin kwalbar, ta yo tsartuwa waje, ta kama gefen hijabin yarinyar da ke gaban tebur. Allah ya taimake mu akwai jiƙaƙƙen tawul kusa, na danne wutar da shi. Amma yadin mai roba ne, narkewa ya yi ya manne da fata. Har ta gama makaranta tabon yana bayan hannunta, kuma duk ranar da ta miƙo mini littafi sai idona ya faɗa a kansa.

Kunya ce ta kai hannuna ga kwalbar nan. Ban gwada abin ni kaɗai ba kafin in shiga aji, da ya ƙi yi sai na shiga gaggawar wanke kaina. Duk kuskuren da na tafka daga baya, a irin wannan lokacin ne. Saboda haka idan gwaji ya ƙi, ku ajiye kayan, ku ce wa yara "gobe ma rana ce", ku ci gaba da allo. Fitila kuma a cika ta tun kafin ɗalibai su shigo, a rufe kwalbar a kai ta wani ɗaki. Ko a Amurka, a watan Satumba na 2014, irin wannan tsiyayar ta raunata mutum 13 a wani gidan nuna kimiyya a birnin Reno, yawancinsu yara.

In ƙuna ta auku, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa na minti 20, sannan asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai, kada kuma a fizge yadin da ya manne.

Sai gwajin gwangwani, wanda ake tafasa ɗan ruwa a ciki, a toshe, a zuba masa ruwan sanyi, iskar waje ta lotsa shi. Yara na sonsa ƙwarai, ni ma haka. Sau ɗaya na ɗaure murfin gwangwanin yana kan risho, ina ta bayani. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki. Murfin ya tashi ya daki silin, tururi ya ɗaye mini yatsu biyu. A sauke daga wuta tukuna, sannan a toshe.

Lantarki kuwa, batir ya ishi kusan duk abin da manhajar WAEC da NECO ke nema. Wutar soket bolt 230 ce, kuma miliamfiya 30 kacal, wato 'yar wuta kaɗan, ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Kada ku yarda da kafasita, 'yar na'urar da ke tara caji a cikin kayan lantarki, don kun zare filogi, tana riƙe caji bayan an kashe wuta. Na taɓa ciro ɗaya daga tsohuwar talabijin na miƙa wa yaro, ta fizge shi har ya yar da ita. Yanzu sai na sauke cajin ta cikin rezista mai rage gudun lantarki, na auna da mita, kafin hannun kowa ya taɓa.

Abin da har yau yake damuna shi ne zaiba, ruwan nan mai kalar azurfa da ke cikin ma'aunin zafi. Ma'aunin zafi ya fashe, na sa ɗalibi ya share da tsintsiya, wasu suna ta mirgina ƙwayoyin a tafin hannu don sha'awa. Tsintsiya farfasa ta take yi ƙanana, su shige tsagar siminti, su yi ta fitar da tururi marar wari mai illa ga jijiyoyi da ƙoda. Da na sani, fitar da yara zan yi, in buɗe tagogi, in kashe fanka, in sa safar hannu in tattara da kwali cikin kwalba mai murfi. A ɗakin nan aka ci gaba da darasi har ƙarshen zango, tagoginsa a rufe saboda ƙurar hunturu.