Ranar ƙarewar kwamfaila da lokacin aikin Hajji

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Jidda, inda muke kula da manhajar da wasu masaukan alhazai na Makka ke amfani da ita wajen rabon ɗakuna. An rubuta ta da harshen C, kuma shekara da shekaru ana harhaɗa ta da GCC 4.8.5. GCC kwamfaila ne, wato manhajar da ke mai da rubutun C abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, kuma namu ya zo ne cikin tsarin aikin kwamfuta na CentOS 7.

Masu GCC sun daina taɓa reshen 4.8, wato jerin sigogin 4.8, tun 2015. Abin da ya riƙe mu shi ne gyare-gyaren da CentOS ke kawowa, su kuma wa'adinsu 30 ga Yunin 2024. A shekarar, an yi hawan Arfa ran 15 ga Yuni, wato wa'adin zai cika alhazai na nan cike da masaukai. A sana'armu kuwa, daga azumi har alhazai su watse, ba mai taɓa saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta.

Maigidanmu, dattijon Bahaushe ɗan Makka, ya ce, "Ɗana, abin da ke aiki, me ya kai ka taɓa shi?" Na ce, "Alhaji, aiki zai ci gaba da yi, amma in aka gano ɓaraka babu mai toshe mana ita." Ya yarda mu gama kafin azumi.

Muka koma wani tsarin aikin, Rocky Linux 9, mai GCC 11. Nan fa aka sha aiki. Tun GCC 10 aka mai da -fno-common tsari na asali, wato an hana fayiloli daban-daban ayyana ma'ajin bayani (variable) iri ɗaya, don haka duk ma'ajin da aka ayyana a fayil ɗin kai (header, wanda sauran fayiloli ke jawowa) ba tare da kalmar extern ba, sai haɗawa ta tsaya. Na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, shayina na hucewa a gefe. Akwai hanyar dawo da tsohon hali da -fcommon, amma na ƙi, don ɗage bashi ne kawai.

Abin da na fi so abokan aiki su gane shi ne agogo biyu ne. GCC na fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, ya kula da ita kamar shekara uku: an fitar da 11.1 a Afrilun 2021, aka rufe reshen da 11.5 a Yulin 2024. Amma Rocky 9 zai riƙe nasa GCC 11 har 2032. Wanda ya ɗauko kwamfaila daga tushe, agogon farko ne nasa. Wanda ya karɓa daga tsarin aiki, na biyu. LLVM, takwaran GCC, ya fi sauri ma, duk wata shida sabo.

Yanzu kowace sabuwar siga ta fito, nakan gwada manhajarmu da ita a wata kwamfuta daban. Haka na ga GCC 14 ya ƙi kiran aiki (function) na cikin manhaja da ba a riga an ayyana shi ba, muka gyara a Muharram, lokacin da aiki ya lafa.