Ƙungiyoyin Matasa da Rainon Itatuwa a Ƙasar Daura

Duk shekara idan damina ta kankama, makarantu da ƙungiyoyin matasa a Daura da kewayenta sukan shirya gangamin dashen itatuwa, a gayyato manyan baƙi, a haƙa ramuka, a ɗauki hotuna, sannan kowa ya kama gabansa. Ba na raina wannan ƙoƙari, amma duk wanda ya koma wurin a watan Maris ya san abin da yake tararwa, domin awaki sun cinye wasu, gara ta gama da wasu, sauran kuma ƙishirwa ta kashe su. A ganina muna koya wa yara aikin yini guda ne kawai, alhali rayuwar dashe a ƙasarmu ta rataya ne a kan dogon ranin da ke biyo baya.

Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Katangar Itatuwa, na dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Sai dai babu hukumar da za ta iya bin kowane dashe da bokitin ruwa daga Mai'aduwa zuwa Baure. Wannan aiki ne na mutanen unguwa, kuma nan ne ƙungiyar matasa take da amfani, muddin ta zama wurin koyon sana'a da hannu.

Abin da ya kamata a fara da shi shi ne wurin rainon tsirrai, ko da ɗan lungu ne a bayan aji ko kusa da rijiya. Yaran su tattaro ledojin ruwan sha da ke toshe magudanai, su huda ƙasansu, su cika su da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Daga nan sai sanin halin iri, wanda shi ne ainihin ilimin. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansu kafin su tsiro da wuri, amma irin darbejiya ba ya jure ajiya, makonni kaɗan ya yi sai ya mutu. Zogale kuwa ba ya wahalar da kowa, shi ya sa ya dace da masu farawa. Idan aka shuka tun da bazara, tsirran za su yi ƙwari kafin ruwa ya zauna a watan Yuli, sannan a dasa su, a kewaye kowanne da ƙaya ko tsohon kwando, a raba wa kowane yaro nasa da zai riƙa shayarwa.

Akwai kuma darasin da ba sai mun je nesa ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun daina tone kututturan da ke tohowa a gonakinsu lokacin sassabe. Manomi yakan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, kuma da yake saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, itacen ba ya buƙatar ban ruwa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo shi ne kan gaba, saboda yana zubar da ganyensa da damina, bai hana gero samun rana ba, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Abin mamaki, dattawanmu sun san wannan tun fil azal, amma da wuya ka ga an gayyaci tsohon manomi ya koyar a ƙungiyar matasa, sai dai a nemo mai takardar shaida ya yi lacca a inuwa.

'Yan mata ma suna da nasu fagen, musamman ginin murhun laka mai rage cin itace da busar da ganyen zogale a inuwa don sayarwa. Ɗan kuɗin da ke shigowa daga wannan da kuma sayar da tsirrai shi ne ke riƙe ƙungiya bayan ɗokin farko ya wuce.

Matsalar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta mallaka. Itacen da aka ce na kowa ne, mai gatari ne ke riga kowa isa gare shi, kuma a Nijar ma aikin ya yi ƙarfi ne bayan manoma sun samu tabbacin cewa itatuwan gonarsu nasu ne. Don haka kafin a haƙa rami ko ɗaya, shugabannin ƙungiya su zauna da mai unguwa ko dagaci, da masu gonaki da makiyayan da ke ratsa wurin, a fayyace wanda ke da ikon saran rassa da wanda zai ɗebi 'ya'ya, a rubuta yarjejeniyar a littafin ƙungiya, shafi ɗaya da lissafin itatuwan da suka kai ga damina ta biyu.