A'a Kawu, Ba Su Na Koma Yi A Amurka Ba

Assalamu alaikum mutanen Agege da Mile 12, da 'yan majalisarmu ta bakin masallaci. Ina gaida kowa, a yafe mini rashin kiran suna. Tun da na turo hoton nan da nake tsaye cikin ruwa har ƙugu da wandon roba, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: wai su, wato kamun kifi, ka koma yi? Har Kawu ya aiko a faɗa mini cewa in su ne ai da na yi zamana, Legas ba ta rasa ruwa ba. To bari in amsa gaba ɗaya, in ya so sai in taɓo zancen abinci da kuɗin haya da kuke ta tambaya.

Ofishin da nake koyon aiki a jihar Oregon an ba shi duba wani ɗan ƙaramin dam. Ba irin na tara ruwa ba ne, tokare rafi kawai yake yi ya karkatar da wani kaso zuwa gonaki. Tsayinsa bai fi katangar gida ba. Abin da aka ce mu gano shi ne ko za a iya yi wa kifi hanyar wucewa, nawa za ta ci, kuma in an yi ko zai bi.

Kifin da ake wa wannan hidima sunansa salmon. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya juyo ya nemi rafin da ya fito don ya zuba ƙwai. In ya tarar da katanga, zuri'a ta yanke. Shi ya sa ake gina masa tsani: jerin ƙananan kwatami na siminti, kowane ya ɗara na ƙasansa da kamar ƙafa ɗaya, yana tsalle yana hutawa har ya haye. Na je dam ɗin Bonneville da ke kan kogin Kolumbiya, wanda tun 1938 yake da irin wannan tsani. Wallahi akwai tagar gilashi a cikin ruwa, da ma'aikaci a zaune yana ƙirga kifin da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, kuma albashi ake biyansa. Na daɗe tsaye ina kallonsa.

Gina tsanin ba shi ne wahala ba. Kifi ƙarfin ruwa yake bi, saboda haka in ruwan da ke fita ta ƙofar tsanin ba shi da ƙarfi, sai ya wuce ta ya je yana ta dukan katanga har ya gaji. Ga 'ya'yan da ke gangarowa, dole a sa musu raga a bakin magudanar gonaki, in ba haka ba a tsince su a cikin kunya. Ga kuma rani, lokacin da manomi ke son ruwan nan da tsanin ma ke so.

Duk wannan sai an auna, kuma aunawar ce ta sa ni cikin rafi a watan Janairu. Jama'a, abin da muke kira sanyi a Legas lokacin hunturu, har mu sa rigar sanyi mu sha shayi, iskar fanka ce. Ruwan ƙanƙara ne ke saukowa daga duwatsu. Na riƙe sandar awo, yatsuna suka daina jin magana, biro ya faɗi ruwa ina gani ban iya kama shi ba.

Amma ko sanyin bai ƙona mini rai kamar takardu ba. Kafin ka taɓa dutse ɗaya a rafin nan sai ka sami izinin gwamnatin tarayya, da na jiha, da yardar masu gonaki da kowannensu ke da takardar haƙƙin ruwa, wanda ya riga samu shi ke fara sha. Sai kuma 'yan asalin ƙasar, masu yarjejeniyar kamun kifi da gwamnati tun 1855, su ma a zauna da su. Akwai 'yan makonni ƙalilan a shekara da aka yarda a yi aiki cikin ruwa, in ka kuskure sai baɗi. Wani ofishi ya dawo mana da fom bayan mako shida don mun sa awo da mita a gurbin ƙafa. Ranar na yi ta mita ni kaɗai da Hausa. Wani lokaci ma rahoton ƙarewa yake da cewa tsani ba zai yi ba, a riƙa kwasar kifin a mota, ko a rushe dam ɗin, kamar yadda aka gama rushe guda huɗu a kogin Klamath a 2024.

Da na huce sai gida ya faɗo mini. An gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar Haɗejiya da Nguru ta ragu, masunta suka ji a jikinsu. Tarwaɗa ma ai da ruwan damina take hawa ta shiga fadama ta yi ƙwai. Kawu, kai da ke sayar da banda shekara da shekaru, ka fi ni sanin yadda kwali yake zuwa da da yanzu. Mu a Legas ba ma tuna da dam ɗin Oyan sai an sako ruwa ya shigo Isheri da wajajen Mile 12. In kun ji za a tokare wani rafi a garuruwanmu, ku sa baki a kira sarkin ruwa tun ana zane, shi ya san watan da kifi ke hawa da inda yake bi.

Abinci, ina dai ci. Haya kuwa kada ku so ku ji. Wanda zai taho kada ya ɗauko mini kilishi, a filin jirgi za a ƙwace.