Daga Kubwa zuwa Kasuwar Barci, da hula a hannu

Laraba, bayan isha'i.

Yau kam na gaji liƙis amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni, don bana son abin da na jiyo yau ya zube. Jirgin safe na biyo daga Kubwa zuwa Rigasa, na baro gidan Yaya bayan an gama hidimar suna. Tun jiya ɗanta ya yankar min tikiti ta intanet, yanzu dole sai da lambar NIN. Hanyar kilomita 186 ce daga Idu zuwa Rigasa, tun 2016 da aka buɗe ta nake bi, kuma yanzu jirgin a hankali yake tafiya, to zaman yana da tsawo, shi ya sa bana shiga sai da aikin hannu a jaka.

Hular Abban yara nake ɗinkawa, tun kafin azumi na fara, jikin ya kusa rabi. Muna barin Kubwa na zaro ta na ɗora a cinya. Ko Asham ba mu kai ba wata dattijuwa da ke kujerar gefena ta miƙo hannu ta ce, 'yata mu ga aikin nan. Ta juya ta duba bayan ɗinkin tukuna, nan na san na haɗu da 'yar gari, don wanda bai san aikin ba fuskar yake kallo, mai sana'a kuwa ciki take fara dubawa ta ga ko zare ya yi ƙulli ko an ja shi ya tattare yadin. Ta ce hannunki na da kyau amma wannan koren zaren zai zuba a wankin farko. Raina ya sosu wallahi, saboda na sha wahala kafin in samu kalar, kuma da tsada na saye shi a Abuja.

Na ce Hajiya to ina zan samu mai kyau? Ta yi dariya ta ce ke 'yar Kaduna ce kike tambayar inda ake saida zare alhali Kasuwar Barci na nan. Na ce ai Hajiya Kasuwar Barci na santa, wajen teloli da 'yan gwanjo. Ta ce to ki wuce layin teloli ki shige ciki, ki tambayi masu kayan hula, kar ki ce masu zare kawai don za su kai ki wajen zaren keke ne. Ta ce in nemi zaren kamfanin Anchor ko DMC na ainihi, in duba lambar kalar da ke jikin takardar in rubuta ta in ajiye, saboda in zare ya ƙare miki a tsakiyar aiki ido kaɗai ba zai daidaita miki kore da kore ba. Kuma kafin in saya in jiƙa bakinsa in murza a farin ƙyalle, in ya bar shaida in ajiye musu abinsu.

Mutuniyar Zariya ce, cikin birni. Ita aikinta babbar riga, ta ce tun tana amarya ta koya a gidan miji, maza su zana su kuma mata su cika. Ta buɗe waya ta nuna min hoton wata aska takwas da ta gama, ga tambari ga dagi, sai da na ce masha Allah da ƙarfi har mutumin gabanmu ya waiwayo. Ta ba ni labarin zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa a kaɗa, ta ce yanzu samun na gaskiya sai da sanayya, yawancin abin da ke kasuwa na kanti ne mai sheƙi. Da riga ta fita daga hannunsu sai wajen masu bugu. Ni dai sauraro nake, allura ma na manta da ita a hannu.

Da muka doso Rijana taragon ya yi tsit kamar kullum. Babu mai bin hanyar nan da ya manta daren 28 ga Maris 2022, da 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari a wajen nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara mana zaman lafiya. Hajiya ta ja carbi ni ma na ajiye ɗinkin, sai da muka wuce Dutse hira ta dawo.

Ita ta dawo da ita ma, da labarin tsohon jirgi. Ta ce ku yaran yanzu kuna kiran wannan doguwar tafiya, da can in suka hau daga Zariya za su Ikko sai sun kwana a hanya, a tsaya Kaduna Junction, a tsaya Minna, a haye gadar Jebba, a wuce Ilori. Ta ce mata kan shimfiɗa zani a taragon kowa ta fito da aikinta, mai saƙa da kwarashi, mai hula, mai zanin gado, kafin a isa kin koyi sabon ɗinki kin kuma san a wace kasuwa ake samun me a garuruwan da ba ki taɓa sauka ba. Kano in kina son yadi Kantin Kwari, in kayan gargajiya ne Kasuwar Kurmi.

Wata budurwa a bayanmu ashe duk tana ji, ta leƙo ta ce Anti don Allah wa ya zana miki hular? 'Yar Maiduguri ce tana karatu a Kaduna, ta ce a gidansu kowa na ɗinkin hula, kuma tun da rikici ya taso mutanen Bama daga garinsu a 2014 da yawansu da wannan sana'ar suka riƙe kansu a sansanonin gudun hijira. Ta karɓi allurata ta nuna min yadda suke zagaye ido ya fito ƙanana daidai wa daida, hannunta sauri kamar keke. Ita ce ta faɗa min akwai wani gida a Tudun Wada da mata ke haɗuwa duk Laraba da Asabar bayan la'asar, kowa da aikinta. Na ce yau fa Laraba! Ta kira matar gidan a take, aka ce in zo.

Abin da ya tsaya min a rai kenan tun ɗazu. Shekara da shekaru ina garin nan ina ɗinki ni kaɗai a ɗaki, na sha bincikawa a Facebook ko zan ga inda masu aikin hannu ke taruwa a Kaduna, abin da ke fitowa tallan makarantun koyon keke ne kawai. Ashe suna nan cike da unguwanni, sai dai babu allo a ƙofa, babu talla, sai wata ta gan ki da allura ta yarda da ke sannan ta ce zo mu je.

Muna sauka Rigasa na yi sallama da Hajiya, ta ba ni lambarta ta ce duk ranar da na shigo Zariya in neme ta. Ban ma je gida ba, keke na tara sai Kasuwar Barci da akwatina. Na bi kwatancen, na tambayi masu kayan hula, wani yaro ya ja ni lungu lungu har wani ɗan shago da ko mutum uku ba zai ɗauka ba, amma daga ƙasa har sama zare ne, ga allurai kala kala, ga yadin hula wanda an riga an zana. Na ce Baba ina son kore wanda baya zuba. Ya kalli hular ya zaro guda biyu, ya ce jiƙa ki gani Hajiya. Na gwada, fes. Kuɗin kam ya yi sama sosai, ya ce komai daga waje yake zuwa sai yadda dala ta ce. Ya yi ta jimamin masaƙun Kakuri, wai shi a masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, ya yi aiki kafin a rufe ta a 2002, garin da a da yake tufatar da ƙasa yau ko zaren allura sai an shigo da shi.

Bayan la'asar na isa gidan na Tudun Wada. Tsakar gida ce da tabarmi, mata sun fi goma, da tsofaffi da 'yan mata, yara na ta kai da kawo. Yawanci hula suke, biyu na saƙar kayan jarirai da ulu, ɗaya na cika fulawa a zanin gado. Ba a tambaye ni komai ba sai da aka ba ni ruwa da wajen zama, sannan hulata ta zagaya hannu hannu. An yanke hukunci in warware koren nan tun bai yi nisa ba, wata Inna ta zauna ta taya ni da reza a hankali ba tare da yadin ya ji ciwo ba.

Ana aiki ana hira, kuma hirar ba duka mai daɗi ba ce. Da yawansu aikin dillalai suke, a kawo musu yadi da zare su yi sati da sati ido na ƙasa baya na ciwo, abin da za a ba su bai taka kara ya karya ba, hular kuma in an wanke an goge ta shiga kasuwa kuɗinta ya ninka ba sau ɗaya ba. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai. Shi ya sa suka fara adashi don su riƙa sarin zare da kansu su yi tasu su sayar, har sun buɗe guruf a WhatsApp, sun sa ni ciki kafin in taso. Na ce zan shiga adashin daga wata mai kamawa in Allah ya kai mu.

Sai dab da magariba na shigo gida, Abban yara har ya fara kira. Asabar zan koma da kwarashina guda biyu, akwai 'yan mata biyu da suka roƙe ni in koya musu saƙar takalmin jarirai, ni kuma Inna ta yi alkawarin nuna min yadda ake haɗa kan hula da jikinta ba tare da ya karkace ba. Zancen Zariya kuma sai na shawo kan maigida tukuna.