Kan famfo ɗaya ya cinye min jatan lande da murjani

Wata bakwai kenan da faruwar abun amma wallahi har yau in na shiga ɗan ɗakin nan na bayan kicin inda na jera duro biyun sai na ji wani abu ya tokare min a ƙirji. Ba asarar kuɗin ce ta fi ci min rai ba, duk da dai kuɗin sun isa ragon layya mai kyau. Abun da ya fi ƙona min rai shi ne ni da hannuna nake ɗibar gubar ina zuba wa dabbobin akwatin kifina duk sati, ina ganin kamar taimakonsu nake.

Akwatin kifina lita 300 ne, na ruwan gishiri, a nan Kano. Eh na sani, an sha tambayata me ya kai ni, garin da teku ke can Legas tafiyar kwana guda a mota. Sha'awa ce kawai. Shekara ɗaya da rabi na yi ina haɗa ruwa a jarka, in sayo ruwan roba manya, in juye, in auna gishiri da kofi, in yi ta girgiza jarka kamar mai kaɗa nono har bayana ya fara ciwo. Ga ruwan da nake saya in na tsoma abun awon TDS, wato mai auna yawan ma'adinan da suka narke a ruwa, wani lokacin ya nuna 20 wani lokacin 60, ba ka taɓa sanin me za ka samu. Gansakuka kuwa ba a magana. Sai nace to ya isa haka, bari in yi tashar haɗa ruwa ta kaina in huta.

Tsarin ba wani abun mamaki ba ne, duro biyu na roba masu cin lita 200, sababbi na saya don ban yarda da waɗannan shuɗayen na hannu da ba ka san me aka taɓa zubawa a ciki ba. Ɗaya a sama kan teburin katako na tataccen ruwa, ɗaya a ƙasa na haɗin gishiri, da ɗan famfon lantarki da ke zuƙo ruwan daga gindin duron ƙasa ya mayar da shi ta sama, yana ta zagayawa, ranar canjin ruwan akwatin kuma in juya bawul ya tura min ta tiyo har falo. Injin tacewar mai hawa huɗu ne, na laka, na gawayi, sai fatar RO, wato siririyar matatar da ke tare ma'adinai, mai tace galan 75 a rana, sai resin na DI a ƙarshe, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke kama ɗan abun da ya rage.

Nan na fara cin karo da abun da ban yi lissafinsa ba. Na haɗa komai na buɗe ruwa, sai ɗis, ɗis, kamar hawayen munafuki. Ashe ita fatar ana auna galan 75 ɗin nata ne a kan ƙarfin ruwa psi 50 (psi ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne), mu kuma ruwanmu daga bohol yake hawa tankin sama ya gangaro da nauyinsa kawai, kuma tsayin mita 10 ne ke bada kusan psi 14. Tankina bai fi mita 6 daga ƙasa ba, ka ga ko 10 ban kai ba. Sai da na sayo famfon ƙara ƙarfi na jona shi a inbata sannan ruwa ya fara zuwa kamar na mutane. Bohol ɗina yana nuna TDS 300 da ɗoriya, bayan fata ya sauko ƙasa da 10, bayan resin sifili. Ranar da na ga 0 ɗin nan har hoto na ɗauka. Ruwan da injin ke zubarwa, wajen lita uku zuwa huɗu a kan kowace lita ɗaya mai kyau, na ja masa tiyo zuwa gindin zogale da lemon tsamin uwargida, da haka ma na samu ta daina kallon abun a matsayin almubazzaranci.

To shi haɗa bututan ban yi da kaina ba, mai aikin famfon da ya saba yi mana aiki na kira, dattijo ne, mutumin kirki, ya fi shekara goma yana shigowa gidanmu. Na faɗa masa baki da baki, Baba komai na roba nake so. Ya ce an gama Alhaji. Na bar masa kuɗi na tafi wajen aiki, da yamma na dawo na tarar aiki tsaf, bututu fari a miƙe, ba yoyo ko ɗigo. A gindin duron gishirin, daidai inda famfon ke zuƙar ruwa, akwai wani kan famfo fari ƙal yana sheƙi kamar azurfa. Na gan shi fa. Na ma taɓa shi, na murɗa na ji laushi, nace kai wannan mai kyau ne. A raina na ɗauka irin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, na wuce abuna. Wannan wucewar ita ce.

Sati uku na farko ina ta fankama. Canjin lita 30 da a da yake cinye min yammacin Asabar gaba ɗaya ya koma minti goma sha biyar. Ina haɗa lita 100 lokaci guda, gishiri wajen kilo 3.8 a kan sikeli, awon gishirin ruwan ya tsaya 1.026, in bar famfon yana juya shi dare da rana har ya ƙare. Ku riƙe wannan, dare da rana ruwan gishiri mai ɗumi yana bi ta cikin kan famfon nan, sati biyu sati uku.

A sati na biyar katantanwa suka fara faɗowa daga jikin gilashi. In ɗaga in manna su, da safe in tarar da su a kife. Sai jatan landen nan nawa mai jan baya da farin layi, wanda ke hawa hannuna yana tsince ni in na sa hannu a ruwa, yarana har suna sun sa masa, na wayi gari na gan shi a kwance a gefen dutse. Bayan kwana huɗu na biyun ya bi shi. Murjani masu laushi, halittun tekun nan da ke manne a dutse kamar tsiro, duk suka tsuke suka ƙi buɗewa. Kifaye kuwa ko a jikinsu, suna ci suna wasa, kuma wannan shi ya ɓatar da ni, don a tunanina in da guba ce ai har su za ta taɓa.

Ba wanda ban zarga ba. Na zargi zafi don lokacin bazara ta kama, ruwan yana taɓa digiri 29 da rana, na dinga jefa gorar ƙanƙara. Na zargi bokitin gishirin nace ko jabu aka haɗa ni da shi. Na zargi wanda ya turo min dabbobin daga Legas, har na tura masa saƙo mai zafi wanda daga baya sai da na ba shi haƙuri. Na auna sinadaran ruwan, amoniya sifili, naitiret lafiya, alkaliniti lafiya, TDS na duron sama sifili. Sai na yi abun da kowa zai ce maka ka yi in ba ka gane matsala ba, wato canjin ruwa. Daga lita 30 a sati na koma lita 60 duk bayan kwana uku. Gyaran gangar auzinawa kenan. Ina tsaye da tiyo a hannu ƙarfe goma sha ɗayan dare ina addu'a Allah ya sa wannan ya wanke musu, ashe abun da ke kashe su nake ƙara ɗura musu fiye da ninki huɗu. Sati biyu na yi a haka. Duk katantanwar nan goma sha biyu babu ko ɗaya da ta rage.

Yadda na gano ma ba wayona ba ne. Tiyon da ke jikin kan famfon ne ya fara ɗan yoyo, na tsuguna da tocilan waya zan ɗaure, na zare shi sai ga wani kore-kore mai shuɗi-shuɗi ya daskare a bakin zaren, irin wanda kake gani a jikin tsohuwar butar tagulla. Gabana ya faɗi. Na ɗauko wuƙar kicin na kankare jikin farin nan, sai ga rawaya ta fito a ƙasa. Tagulla ce aka yi mata farin rufi. Ita tagulla kuwa mafi yawanta jan ƙarfe ne, ruwan gishiri yana cin ta sannu a hankali yana kwashe jan ƙarfen. Kuma jan ƙarfe shi ne ake sawa a maganin kifi don kashe ƙwayoyin cutar farin ɗigo da ke fitowa a jikin kifi, adadin da kifi zai jure ya warke da shi ya ninka abun da zai hallaka jatan lande da katantanwa da murjani nesa ba kusa ba. Shi ya sa kifayen ke ta iyonsu. Na san wannan karatun fa tun kafin in sayi kifin farko. Na zauna a ƙasan ɗakin nan na fi minti ashirin da kan famfo a hannu.

Washegari na kira Baba. Nace Baba ba na roba na ce ba? Ya ce Alhaji ai na robar nan da ka gani a kasuwa wata biyu zai karye maka a hannu, shi ne na cika da kuɗina na sa maka orijinal. Da kuɗinsa. Me zan ce masa? Shi a saninsa alheri ya yi min, kuma a duk aikin famfon duniya gaskiyarsa ne. Ni ne ban gaya masa dalili ba, na ce roba kawai kamar mai neman araha, kuma ni ne na ga abun da idona na murɗa na yaba. Don haka in za ku ba wani wannan aikin, ku zaunar da shi ku ce masa ƙarfe guba ne ga abun da nake kiwo, ko kuma ku sayo kowane ɗan gwiwa da bawul da hannunku ku tsaya a kansa har ya gama.

Da na bi layin da idon basira sai ga na biyu. Balbal ɗin da ke tsayar da ruwa in duron sama ya cika, irin na tankin gida ne, sandarsa da bakinsa duk tagulla, tana jiƙe cikin tataccen ruwa, shi kuma ruwan da aka tace ya koma sifili yunwar ma'adini gare shi, yana lasar ƙarfe shi ma. Kuma da shi nake cike abun da ya ƙafe kullum. Abun awon TDS bai taɓa nuna min komai ba don adadin ya yi masa ƙanƙanta. Ƙa'idar da na tsaya a kai yanzu, kafin injin tacewa ƙarfe ba damuwa, fata da resin za su kama shi, bayan injin kuwa ko ƙusa ban yarda ba. Har zoben ƙarfen da ake matse tiyo da shi na cire na sa igiyar roba mai zargewa.

Na zubar da duka ruwan, na wanke duro biyun, na sa bawul na robar PVC da mahaɗin tanki na roba da ɗan balbal na roba zalla. Wannan kwana ɗaya ne. Wahalar tana cikin akwatin, don duwatsu da yashi suna shanye jan ƙarfe su dinga sako shi kaɗan-kaɗan. Na sa wani ɗan'uwa ya taho min da Cuprisorb da Poly-Filter, kayan tacewa masu zuƙe jan ƙarfe daga ruwa, daga waje, sati uku ina jira ina ta gawayi da canjin ruwa, na gaskiya wannan karon. Shi Poly-Filter launinsa yana canjawa gwargwadon abun da ya kama, jan ƙarfe shuɗi yake mayar da shi. Na farkon da na sa cikin kwana biyu ya yi shuɗi, na ɗaga shi ina kallo kamar takardar sakamakon asibiti. Wata huɗu ina canjawa kafin ya daina. Yashin duka na kwashe na zubar. Sannan na sayo katantanwa ɗaya tak ta gwaji, duk asuba kafin in tafi masallaci sai na haska ta, sai da ta yi wata guda a manne tana kiwo sannan na ƙaro wasu. Murjani uku cikin bakwai suka farfaɗo.

Sauran abubuwan da tashar ta koya min ƙanana ne in aka gwada da wancan. Gishiri ake zubawa cikin ruwa a hankali famfo na juyawa, ba ruwa a kan gishiri ba, in ba haka ba ya yi fari kamar kunun kanwa ya bar maka alli a gindin duro. Da bazara ruwan duron yana yin ɗumi sosai, shi ma yana kawo allin nan, sai na koma haɗawa da asuba kuma na daina barin famfon yana juyi kwana da kwanaki, awa kaɗan ya narke in kashe in rufe. Da hunturu kuwa akwatin yana shan ruwa kamar raƙumi saboda bushewar iska, duron sama shi ke shan wahala, kuma murfi dole ne in ba ka so ƙura ta mayar maka da sifilinka banza. Na'urar da ake leƙawa a ga yawan gishirin ruwa kuma da ruwan gwaji mai gishiri kashi 35 cikin dubu ake saita ta, na daɗe ina saitawa da tataccen ruwa ashe tana ɗan yi min ƙari.

Jatan lande dai har yau ban sake saya ba. Yara suna ta tambaya, ina ce musu sai bayan sallah, sallah biyu kenan. Kan famfon kuma uwargida ta hana a yar, ta sa an ɗaura shi a bakin tiyon da ke ba zogalenta ruwa. Yana nan yana sheƙi, ko ɗigo ba ya yi, duk zuwan da Baba zai yi gidan sai ya murɗa shi ya kalle ni.